Saurayin da Dadi Ya Kora

Ranar bikin Godiya na Amurkawa ce, gidan Gunnar Halvorsen da ke garin Duluth ya cika da ƙamshin gasasshen talo-talo. Linnea, 'yar autarsa, sai kai-komo take yi gabanta na faɗuwa, don yau ta fara kawo Emmett gida.

Shekararsu biyu suna soyayya. Emmett yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Haɗa ido da mutum wahala yake masa, ƙara mai ƙarfi kuwa ji yake kamar ana soka masa allura a kunne. Amma ita ta san zuciyarsa, bai taɓa yi mata ƙarya ba ko da wasa.

"Samari, wane aiki kake yi?" Gunnar ya tambaya yana yanka nama.

"Ba ni da aiki, yallaɓai," in ji Emmett, idonsa a kan faranti. "Na yi intabiyu goma sha ɗaya, ba a ɗauke ni ba."

"To ɗago ka dube ni mana, ina maka magana!"

"Haba Dadi, don Allah..."

Linnea ba ta rufe baki ba mai ya ƙone a kicin, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuwwa. Emmett ya toshe kunnuwa ya miƙe a firgice, gwiwar hannunsa ta kifar da kwanon romo, ya fice cikin dusar ƙanƙara ko rigar sanyi bai ɗauka ba.

Gunnar ya yi dariyar da ta fi zagi ciwo. "Wannan ne mijin? Ƙato ɗan shekara talatin yana gudun ƙararrawa kamar mage! In gobara ta tashi, shi zai ɗauke ki ko ke za ki goya shi? Sannan ku cika mini gida da jikoki irinsa? Kada ya sake tako mini gida. In kuwa kika aure shi, ki nemi wani uban!"

A cikin mota Linnea ta same shi, jikinsa na karkarwa. Ta rufa masa rigarta, hawaye na zuba.

"Gobe mu tafi kotu a ɗaura mana," ta ce. "Ba ruwana da kowa!"

"A'a," in ji shi. "Tun da mamanki ta rasu, kullum da safe sai kin kira babanki. In na raba ku za ki riƙa kuka, ni kuma ban iya rarrashi ba. Zan jira."

Jiran ya yi tsawo. Hunturu ya wuce, wani ya shigo. Emmett ya shiga wata cibiya mai koya wa manya irinsa sana'a, cibiyar ce ta roƙi wani kamfanin gyaran na'urorin asibiti a bar tambayoyin baka, a gwada hannunsa mako biyu. Kafin makon farko ya ƙare suka ɗauke shi. Da murnarta Linnea ta kai wa Dadi labari. Shi kuwa sai ya ƙara muryar talabijin. Ranar a bakin wani tafki ta tsayar da mota ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ana nan sai jarrabawa ta shigo gidan ta wata ƙofa. Yayar Linnea, Britta, tana da 'ya ɗaya, Elsie, wadda Gunnar ke ji da ita kamar ransa. Yarinyar ta cika shekara uku babu ko kalma a bakinta. Likita ya gama bincikensa ya faɗi sunan lalurar: otizim. Kwana uku Gunnar bai ci abincin kirki ba.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci an taru a gidan Gunnar, Elsie ta shige ƙarƙashin tebur tana tsala ihu, tana buga kai da ƙafar kujera. An yi lallashi, an yi waƙa, an kawo alewa, kamar ana ƙara zuga ta. Da aka shafe awa guda Britta ta zube a ƙasa tana kuka, Linnea ta ɗauki waya ta kira Emmett.

Emmett ya iso, amma ya toge a bakin ƙofa. "An hana ni shiga gidan nan."

"Shigo," in ji Gunnar.

Emmett ya tsaya tsakiyar falo yana saurare. Ya kashe talabijin, ya kashe doguwar fitilar kicin. "Fitilar nan ƙugi take yi, ku ne ba kwa ji. Britta, rigar cocin nan cizon ta take yi, sa mata mai laushi."

Aka canja rigar da ƙyar. Shi kuwa ya zauna a ƙasa nesa da ita kaɗan, bai taɓa ta ba, bai kalle ta ba. Ihun ya koma shessheƙa. Can sai ga Elsie ta rarrafo ta jingina bayanta da nasa.

Gunnar ya dafa bango. "Emmett... me yarinyar nan za ta zama?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Ni sai da na shekara biyar na yi magana. Akwai makaranta mai kyau, zan ba Britta lambarsu. Amma za ta gamu da mutanen da za su kore ta tun ba su san ta ba. Wannan ne ban san maganinsa ba."

Ba gori ya yi ba, Linnea ta sani, gaskiya kawai ya faɗa yadda ya saba. Sai ta ga abin da ko a jana'izar mamanta ba ta gani ba: Dadi ya durƙushe yana kuka kamar yaro.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini."

"Na yafe," in ji Emmett. "Amma a canja fitilar."

A watan Yuni aka ɗaura auren, taro kaɗan, ba kiɗa. Har yau Elsie ba ta yi magana ba, da hotuna take nuna abin da take so, kuma akwai ranakun da Britta ke kiran Linnea ta kasa cewa komai sai kuka. Kowace Talata Gunnar yakan je ajin da cibiyar ke yi wa iyaye, ya zauna a layin gaba, shi ne mafi tsufa.

Haƙurin Linnea da Emmett bai faɗi ƙasa banza ba. Kafin ka wulaƙanta ɗan wani saboda yadda Allah Ya halicce shi, ka tuna ba ka san wanda za a haifa a gidanka gobe ba.