Baƙuwar Da Ta Zo Neman Taufiq

Sailuba na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, amma kunnenta na can bayan ɗaki, inda mijinta Taufiq ya laɓe yana waya ƙasa-ƙasa da Turanci. Ba ta tsinci komai ba sai suna ɗaya: Debora.

"Kin dai ji da kunnenki," in ji Yaya Ummu, yayarta da ta zo daga Gawu Babangida ta yi musu kwana biyu. "Namiji ba aiki, ba sisi, amma da kuɗin katin kiran mace! Ki haɗa kayanki mu tafi gida."

"Haba Yaya, a hankali, maƙwabta..."

Maƙwabtan nan su ne ciwon gidan. Tun da kamfanin da Taufiq yake wa aikin sito a Abuja ya rage ma'aikata ya haɗa da shi, mata da miji suka ɓoye zancen. Gidan haya ne a unguwar Hashimi, in ka yi tari na kusa da kai zai ce maka sannu. Sai Sailuba ta baza cewa shi ya ajiye aiki don ya kama kasuwanci.

Abin da ba ta sani ba, tun yana aiki ake cirar wani abu a albashinsa na inshorar rasa aiki. Sharaɗinta ɗaya: wanda aka sallama ba da laifinsa ba, kuma bai samu wani abin yi ba, za a riƙa tallafa masa har ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya ajiye da kansa kuwa ba shi da komai. Debora ita ce ma'aikaciyar da ke bin maganar. Taufiq ya ƙi faɗa wa matarsa, wai sai abu ya tabbata ya faranta mata. Wauta ce irin ta yaran zamani. Ga haya ta kusa ƙarewa, babu abin da suka dogara da shi bayan Allah sai wannan.

Ranar Laraba Taufiq ya tafi Gauraka wajen wani abokinsa makanike cigiyar aiki. Da hantsi aka yi sallama. Wata doguwar mace ce, tsaf da ita, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa.

"Sannunku. Sunana Debora. Taufiq yana nan? Na zo ne daga..."

"Mun san daga inda kika zo!" Yaya Ummu ta katse ta.

Sailuba ta dubi takalmin baƙuwar, ta dubi nata silifas da ya sha ɗinki. Wato har gida! Kuma ko Malam babu, Taufiq gatsau!

"Ke ce madam ɗinsa? Ayya, sannu. Yaya kuke fama tun da aka sallame shi?" in ji Debora.

Tausayin nan shi ya ƙarasa ta. Matan gida duk sun leƙo. Sailuba ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Wa aka sallama? Mijina shi ya ajiye musu aikinsu! Shago gare shi a kasuwa, yanzu haka yana can yana sauke kaya. In tausayi kika kawo, kai shi gaba, mu nan a ƙoshe muke!"

Debora ta dube ta. "Kin tabbata, madam?"

"Ni ce matarsa, ba ke ba!"

Baƙuwa ta danna wani abu a wayarta, ta yi sallama ta fita. Yaya Ummu har da guɗa.

La'asar sakaliya Taufiq ya shigo, idonsa jawur, ko takalmi bai cire ba.

"Sailu, me kika faɗa wa matar inshora?"

"Matar me?"

"An kira ni an ce an dakatar da maganata! Wai na yi musu ƙarya, ina da shago! Zuwa ta yi ta tabbatar ba ni da aiki, shi ne mataki na ƙarshe. Sailu, kuɗin hayarmu ne, abincin Luba ne!"

Sailuba ta zame ta zauna a ƙasa. Luba, 'yarsu, ta fashe da kuka ganin uwarta na kuka.

"Abban Luba, don me ba ka faɗa mini ba? Kullum kana bayan ɗaki kana Debora, Debora. Wuta nake kwana da ita a ciki!"

"Don kada maƙwabta su ji nake laɓewa." Ya zauna kusa da ita. "Na yi kuskure. Amma ke ma ko sau ɗaya ba ki tambaye ni ba."

"Dabara ce!" in ji Yaya Ummu. "Tashi mu tafi, Baba ya fi ƙarfin tuwonki."

Sailuba ta share hawaye. "Yaya, ki yi haƙuri, ki gaida su Baba. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Washegari da sassafe ita da Taufiq suka bi motar ma'aikata zuwa Abuja, suka sha cunkoson Madalla. A ofis Sailuba ta durƙusa har ƙasa.

"Anti, plis, ki yafe mini. Kishi ne. Ba shi da shago, ko tebur ba shi da shi."

Debora ta ɗaga ta. "Ni ma matar aure ce, na gane. Amma na riga na kai rahoto. Sai na koma na tambayi maƙwabtanku. In suka ce yana da shago, babu abin da zan iya."

To, su kuwa maƙwabta abin da Sailuba ta shuka musu shi suka sani.

Da yamma, lokacin da kowace mace ke gaban murhunta, Sailuba ta fito tsakar gida.

"Jama'a, ku saurare ni. Ƙarya na yi muku. Sallamar maigidana aka yi, rage ma'aikata aka yi. Ba mu da shago. Shinkafar da kuka ga ina dafawa ma Yaya ce ta kawo."

Wata ta rufe baki tana dariya. Sai Inna Tayyiba, tsohuwar ɗakin ƙarshe, ta ajiye muciya.

"Yarinya, kin ɗauka ba mu sani ba? Mai shago ne zai wuni yana wanke babur ɗin maƙwabci? Kunyarki muka ji muka yi shiru. Duk mai dariya kuma ta fito ta rantse nata mijin ba a taɓa sallamarsa ba!"

Babu wadda ta fito.

Debora ta dawo, ta ji gaskiya daga bakin kowa. Aka sha jira, aka sha garin kwaki, Sailuba ba ta ƙara ɗaga murya ba. Kafin mai gida ya ba su notis, tallafin ya fara shigowa. Taufiq ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya karanta mata saƙon da ƙarfi, wanda zai ji ya ji.

Ku 'yan mata, kishi babu tambaya hauka ne, kuma rasa aiki ba abin kunya ba ne, ƙarya ce abin kunya. Kai kuma namiji, matar da za ta sha yunwa tare da kai ta isa ta san abin da kake ciki.