Kaskon Ƙofar Gidan Gwaggo Tasalla

Ku matso kusa. Uwani, rage fitilar nan, ba biki muke yi ba. Kai kuma Nafi'u, in ka san za ka jiƙa tabarma, tashi tun yanzu ka tafi wajen Umma. Ka zauna? To, kai ka so.

Kun san kaskon nan da ke ƙofar gidan Gwaggo Tasalla, yayar babanninmu? Wanda kullum yake cike da ruwa, amma ko akuya ba ta sa masa baki? Yau za ku ji dalili. Daga bakin Gwaggo na ji, kuma kun san ta, ba ta ƙara gishiri.

Ku ba ku san mijinta ba, Baba Shekarau. Shi ya ja wa gidan nan ruwan famfo da hannunsa, daga babban layin bakin titi, ta cikin lungu, har tsakar gida. Bai daɗe da gamawa ba ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Shekara da shekaru yana kwance. Gwaggo ce mai juya shi, ita ce mai wanke shi, ita ce mai wanke shimfiɗarsa. Mai irin wannan ciwo, in aka kwana biyu ba a wanke shi ba, sai bayansa ya fara gyambo.

Sai famfo ya fara rowa. Yau ɗigo-ɗigo, gobe tari kawai yake yi, jibi shiru. Maƙwabta kuwa nasu na zuba. 'Yan garuwa suka ce kurarsu ba ta shiga lungun. Ƙarya suke, tsoro ne. Lungun nan a da kududdufi ne, aka cike shi aka yi gine-gine, kuma kowa ya san ba mu kaɗai ke zaune a wurin ba.

Gwaggo ta yi ta jido a ka daga maƙwabta har bayanta ya ƙage, ruwan bai isa ba. Ran nan ta juya Baba, ta ga fata ta fara saɓulewa a kafaɗarsa. Ta aika aka kira Mati mai gyaran famfo.

Mati ya bi lungu yana duba ƙasa. Tsakiyar rani ne, ko'ina ƙayau, amma ga wani wuri da ciyawa kore shar. Ya ce nan ne. Ya je bakin titi ya rufe ruwan gidan, ya dawo ya haƙa. Ya tarar da tsohon bututun ƙarfe, tsatsa ta cinye shi, ga huda. Ya sayo sabo na roba. Ya tafi sallar Azahar.

Da ya dawo, babu rami. Ƙasa ta koma lumui, har ciyawar tana nan yadda take.

Ya ce yara ne. Washegari ya sake haƙawa. Yana cikin rami, sai ya ji an yi gyaran murya. Ba a bayansa ba. A ƙarƙashin ƙafarsa.

Da takalmi ɗaya ya isa zauren Gwaggo.

"Gwaggo, ki yafe ni. Wurin nan da masu shi."

"Ni ma da ni. Bar min kayan aikin."

"Ke? Mace a rami?"

"Ka ga wani namiji a nan? Faɗa min yadda ake yi, ka kama gabanka."

Ya ji kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Ya nuna mata: a yanke ruɓaɓɓen da zarto, a gasa bakin roban a wuta har ya yi laushi, a shafa gam, a cusa da ƙarfi. Ya ce shi zai tsaya a bakin titi, in ta gama ta yi kira ya buɗe ruwa. Bakin titi fa. Namijin duniya ke nan.

Kun san lokacin da ba a bin lungu irin wannan. Tsakar rana, sa'ad da inuwar mutum ke ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa. To, lokacin kaɗai Baba yake samun barci, lokacin kaɗai Gwaggo ke iya barinsa. Ta ci ɗamara da gyale, ta saɓa diga, ta fita.

Ta haƙa. Rana na dukan bayanta, amma ƙasar sanyi ƙalau, har yatsunta na ƙanƙarewa. Can sai ta lura ba ta jin komai. Ba kukan kaza. Ba injin niƙa. Ko ƙuda babu.

Ta kai ga bututun. Ruwa na ɗiga daga hudar. Ɗis. Ɗis. Alhali Mati ya rufe shi tun daga titi.

Ga ƙoƙo an tara a ƙarƙashi. Ga hannu riƙe da ƙoƙon.

Wata 'yar tsohuwa ce tsugune a ƙarshen ramin, ƙanƙanuwa, lulluɓe da baƙin zane. Gwaggo ba ta ga shigowarta ba.

"Sannu da aiki."

Bakinta bai motsa ba. Muryar daga cikin bututun ta fito, irin gurnanin da famfo ke yi kafin ruwa ya iso.

Gwaggo ta ce, "Yauwa, sannu, Iya." Ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan ƙafafun tsohuwar. Dunduniya a gaba, yatsu a baya. Kuma ga taɓo har idon sawu a ƙafar Gwaggo, amma nata tas.

Uwani, daina matse min hannu.

Gwaggo ta ce min ta dubi bakin ramin. Ta so ta gudu. Sai ta tuna kafaɗar nan da ta fara saɓulewa. Ta ƙara riƙe digarta.

"Me kike tonowa, 'yar nan?"

"Bututuna."

"Rijiyata ce."

"Mijina ne ya binne shi."

"Na san mijinki." Tsohuwar ta ajiye ƙoƙon a hankali. "Kududdufinmu kuka cike, muka yi shiru. Sai ga shi da tsakar rana kamar yanzu. Ya narka kwalta ya shafe ƙarfensa don kada ya yi tsatsa. Ragowar ya sheƙa a ramin nan, tana tafasa. Ba bisimilla. Ba gafara. Ɗana yana kwance a wurin."

Tsohuwar ta ci gaba.

"Har yau da ɓari ɗaya yake tafiya. Shi ya sa naki mijin ma ɓari ɗaya gare shi."

Kun ji? Duk shekarun nan na wanki da juyi da kuka a ɓoye, ga mai dalilin tsugune a gabanta. Wata da sai ta zube tana roƙo. Gwaggo kuwa zuciya ce ta taso mata, har tsoron ya rasa wurin zama.

"Ashe ke ce."

"Ni ce."

"Ya yi kuskure, ban musa ba. Bai gan ku ba. Kin rama, kin rama har kin zarce. Yanzu ruwan da zan wanke shi ma sai kin shanye?"

"Ki toshe hudar nan, in nemi danshi a inda na samu. Akwai saura a jikin mijinki."

Gwaggo ta ɗaga diga ta kafa a tsakaninsu.

"Taɓa shi ki gani. Ni ba ni da laya, ba ni da boka. Ayatul Kursiyyu gare ni, sai wannan digar. Wallahi kika taɓa shi, sai na tone lungun nan kaf, daga titi har bango, rana ta leƙa ɗakinki. Ki cike, in sake tonewa. Na saba aikin da ba ya ƙarewa, ke kika koya min."

Ƙasa ta motsa a gefen ramin, ta fara zubowa kan ƙafafunta. Gwaggo ba ta ɗaga ba.

"Kuma ki ji. Ni ban taɓa hana mai ƙishi ruwa ba, mutum ko waninsa. Amma ba za a sha min ta ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya ba. Ina da ƙofa. Mai so ya zo ta nan."

Ƙasar ta tsaya.

Gwaggo ta sa zarto ta yanke ruɓaɓɓen ƙarfen. Ta jawo sabon. Ta tattara 'yan kirare da tsohuwar takarda a cikin ramin. Ta fito da ashana. Tsohuwar ta miƙe tsaye, idanunta a kan ashanar, ba ta ko ƙiftawa.

Gwaggo ta ɗaga murya, yadda duk lungun zai ji.

"Bisimillahi. Masu wuri, gafara dai! Ku janye 'ya'yanku, zan kunna wuta."

Ba ta ƙyasta ba. Ta jira.

Sai ta ji su. Ƙananan sawu a ƙarƙashin ƙasa, kidi-kidi-kidi, suna watsewa. Duk suka wuce, saura ɗaya. Shi wannan taku ɗaya yake yi, sai ja. Taku, sai ja. Gwaggo ta gane mai wannan tafiyar. Ta ce a nan ne hawaye ya zubo mata, don yaron ya ba ta tausayi ƙwarai. Ta tsaya da ashana a hannu har ya yi nisa, har ta daina jin sa. Sannan ta kunna.

Ta gasa bakin roban, ta shafa gam, ta cusa da iya ƙarfinta. Ya kama.

Muryar ta ce, a hankali, "Da haka mijinki ma ya ce, da ba a kai nan ba."

Gwaggo ta ɗago. Ba kowa. Wani zakara ya yi cara a bayan katanga.

Ta ƙwala wa Mati kira ya buɗe. Kafin ta kai tsakar gida, famfo na ambaliya. Kuna tsammani kasko ta fara cikawa? Ina! Mijinta ta fara wankewa, tas, ta sauya masa shimfiɗa, ta shafa masa magani. Sai da ta gama sannan ta ɗauki kasko ta cika, ta kai ƙofar gida ta dire. Ta ce, "Ga naku. Ta sama, ba ta ƙarƙashi ba."

Da safe kaskon ya bushe ƙamas. A cikinsa akwai wani baƙin abu, busasshe, kamar tafin hannun yaro. Tsohuwar kwalta ce, wadda aka ɓamɓaro daga jikin wani abu. Gwaggo ta binne ta, ta sake cika kasko, ta koma wankan Baba.

Tana zuba masa ruwa a kafaɗa, sai ta ji an riƙe mata hannu. Mataccen hannun nan ne. Ya riƙe ta gam. Bakinsa ya yi ta motsi, ya yi ta motsi, sannan magana ta fito.

"Tasalla. Ruwan nan da sanyi."

Shekara da shekaru ba ta ji sunanta a bakinsa ba, kuma da ƙorafi ya fara. Ta ce, "Malam, ka san wuyar da na sha a kansa kuwa?" Sai ta kifa kai a ƙirjinsa ta yi ta kuka, shi kuma yana bubbuga bayanta da hannun.

Bai tashi ya yi gudu ba, kada in yi muku ƙarya. Amma har Allah ya karɓi abinsa, da kansa yake alwala.

Saboda haka ku buɗe kunne. Kada wanda ya zubar da ruwan zafi a ƙasa bai yi bisimilla ya nemi gafara ba. Kada wanda ya bi lungun nan shi kaɗai da tsakar rana. In kuwa tsautsayi ya sa wata tsohuwa ta ce muku sannu, ku amsa da ladabi, ku dubi fuskarta, kada ku dubi ƙasa.

Yanzu ƙafar Gwaggo ta hana ta fita, kuma kaskon nan bai taɓa kwana ba ruwa ba. Ta aiko ɗazu, ta ce yau ni zan cika shi, ga shi hira ta ɗauke min hankali. Wa zai riƙe min fitila?

Nafi'u, sakar min zane.