Saura Digiri Ɗaya

Ina gyaran kifin sardin a kicin ranar Alhamis da hantsi jikata Benedita ta shigo, ko gaisuwa babu, ta shimfiɗa jarida a kan tebur cikin ruwan kifin. Ban yi makaranta ba, amma hoto ba ya buƙatar malami. Bayan mace ne ya cika rabin shafi, da ɗan kamfai shuɗi wanda bai kai tafin hannuna ba, da yatsu biyu a miƙe a kansa. Babu fuska. Da tabon ƙuna na wuyan hannu na gane ta, tukunyar miyata ce ta yi mata shi tana shekara shida.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Kowa haka ake yi mata, Kaka. Alama nake ba abokiyar wasana Carlota. Yatsa ɗaya, zan tare gefe, biyu kuma tsakiya. A baya ake yi don kada abokan karawa su gani. Masu hoto kuma nan suke jira."

"Shi angon naki Telmo ba ya ba da alamar?"

"Yana bayarwa mana. Wandonsa har gwiwa, wa zai ɗauke shi?"

Uban Benedita teku ta ci shi tun tana goye, ni na raine ta da tiren kifi a kaina, lungu-lungu na garinmu Espinho. Tana da shekara sha huɗu ta fara ƙwallon raga a kan yashi, irin ta mutum biyu-biyu, ita da ƙawarta Carlota. A nan bakin ragar ta haɗu da Telmo, yaro mai kunya, shi ma ɗan wasa. An sa bikinsu watan Satumba. Uwarsa, Dona Ermelinda, tela ce, har ta yanka rigar amarya.

Ban gama da kifin ba sai ga Dona Ermelinda a bakin ƙofa da jaka, Telmo a bayanta kamar wanda aka kamo.

"Dona Zulmira, ga yadinku. Ba zan ɗinka ba."

"Ki shigo ki zauna tukuna."

"A tsaye zan faɗa. Matan coci sun gama zagayawa da jaridar. 'Ermelinda, ashe wannan ce surukar?' Ko fuskarta ban samu na nuna musu ba."

"Mama, ba ita ta zaɓa ba," in ji Telmo. "Dokar gasa ce—"

"Rufe min baki. Macen da ba ta so, ba ta sawa. Ranar Lahadi in ta sake fitowa a haka gaban gari, ku nemi wata uwar ango."

Ta ajiye jakar ta juya. Telmo ya tsaya yana kallon Benedita, uwarsa ta kira sunansa daga titi, ya bi ta.

Sai da suka tafi yarinyar ta fashe da kuka. Ta ɗaga siket ta nuna min cinyoyinta, duk yashi ya goge fatar ta yi ja.

"Tana zaton daɗi nake ji. Duk faɗuwa sai na tashi ina jan abin nan, ƙwallo na zuwa, hannuna yana baya. Ran da nake al'ada rabin hankalina ba ya kan wasa. Ga iskar arewa. Shekara uku muna neman wasan ƙarshen nan, Kaka, wanda ya ci shi zai tafi gasar ƙasa. In na sa, na rasa Telmo. In ban sa ba, a cire mu."

Na wanke hannu na ɗaura ɗankwali. Shugaban kwamitin gasar ɗana ne, Amadeu, ƙanin ubanta. Na same shi a shagon kofi yana ba da labari.

"Baffan yarinya kana zaune, tsiraicinta na yawo a gari?"

"Mama, rage murya. Akwai sassauci ai. In ma'aunin zafi na alƙalin wasa ya sauko digiri sha shida, mata na iya sa dogon wando."

"Maza fa? Digiri nawa ake jira kafin su rufe gwiwa?"

"Ba ni kaɗai na rubuta ba. Masu ɗaukar nauyin gasa suna son mutane su zo kallo."

"To ka sa kamfan kai ma, mu ga ko ba za a cika ba."

Abokansa suka yi dariya, shi bai yi ba. "In ta fito da wani abu daban, sunanta zan soke, ko da 'yar yayana ce."

Na yi ciniki da maza masu jiragen kamun kifi shekara hamsin, ba wanda ya taɓa mayar da ni gida hannu wofi. Ran nan ɗan da na goya ya mayar da ni.

Lahadi ta zo da iska mai shiga ƙashi. Benedita da Carlota suna tsaye a lulluɓe da tawul, leɓunansu sun yi shuɗi, kowace da dogon wandonta a hannu suna jira. Ma'aunin yana rataye a ƙafar teburin alƙali. Na tambayi Carlota, ta ce sha bakwai. Can a benci na hango Dona Ermelinda cikin kwat har wuya, ta zo kallon ɗanta, wasansa na bayan namu.

Digiri ɗaya. Ni kuwa in akwai abin da na sani a duniya, sanyaya abu ne. Na gangara kasuwa na ciko akwati da ƙanƙara, na rufe da buhu, na zo na ajiye shi a gindin teburin na zauna a kai kamar tsohuwar da ƙafa ta gaza. Alƙalin har sannu ya yi min.

"Yana sauka, Kaka," Carlota ta raɗa min. "Sha shida da rabi."

Kuskurena ɗaya, akwatin kifi na ɗauko. Hancina ya daina jin ƙarni tun ina budurwa, amma tsuntsayen teku nasu yana aiki. Ɗaya ya sauka, sai biyar, sai teburin ya cika da fuka-fukai da kuka, ɗaya har ya yi wa takardar alƙali kashi. Amadeu ya zo, ya ɗaga bakin buhun, ya kalle ni.

"Mama."

Ya sa aka janye akwatin, ya mayar da ma'aunin ɗaya ƙafar teburin, inda rana take bugawa. Carlota ta ce sha takwas. Na zauna a kan yashi da siket ɗina jiƙe, mutane na dariya, ba ni da sauran dabara ko ɗaya.

Aka busa usur na shiri. Benedita ta kama bakin tawul ɗinta, ta kalli benci, ta kalli raga, ta kasa sakinsa. Sai ga Telmo da jakarsa. Ya zaro gajerun wanduna biyu na kulob, shuɗi, launi ɗaya da nasu.

"Wankakku ne," ya ce. "Ban ce sai kin sa ba, Dita. Ko wanne kika fita da shi, Satumba tana nan. Na gaya wa Mama da safe, ta jefe ni da silifa."

"Za su cire mu."

"Na sani."

Benedita ta juya ga Carlota. "Shekara ukun taki ce ke ma."

Carlota ta daɗe tana kallon ragar, hawaye na zuba. "Miƙo min ɗaya. Na gaji da tsince yashi a inda ba a faɗa."

Suka sa, suka shiga fili. Ko ƙwallo ba su taɓa ba. Amadeu ya ɗauki biro ya ja layi a kan sunansu, aka ɗaga hannun abokan karawarsu 'yan garin Matosinhos. Da aka kira wasan maza, Telmo ya zauna a kan yashi kusa da ita ya ƙi tashi, abokin wasansa na zaginsa har da iyaye. Kofi biyu suka tafi a hantsi ɗaya, ni ina kallo.

Dona Ermelinda ta sauko daga benci a hankali, takalminta na nutsewa. Ta tsaya a kan Benedita. Ta kalli leɓunan, ta kalli jan fatar da ke leƙowa ƙarƙashin wandon. Sai ta sa yatsa biyu ta ja ƙugunsa.

"Wannan ya yi miki yawa. Zai faɗi a tsalle na farko."

Ta tuɓe kwat ɗinta ta yafa mata, ta wuce.

Ranar Litinin ta zo da tef ɗin awo a wuya. Na miƙa mata jakar yadin amarya, ta ce in ajiye, wannan sai daga baya. Wando ta fara aunawa, guda huɗu, biyu na Carlota, da shafi mai laushi a cinya. Ba ta ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Miyar kifi na zuba mata ta sha.

An ɗaura aure a Satumba. Dokar tana nan, kwamiti ya ce zai zauna a kanta, bai zauna ba tukuna. Amadeu ya zo biki ya ci ya ƙoshi, amma tun ranar gasar bai ƙara samun kifi a hannuna ba. Benedita da Carlota suna fita atisaye kullum da safe cikin wandunan da Dona Ermelinda ta ɗinka, ba su san ko za a bar su su buga baɗi ba.

Ku 'yan mata, ku duba namijin da zai zauna tare da ku a kan yashi ranar da aka soke sunanku, shi ne miji. Ku kuma iyaye, ni da ku duka, kafin mu zagi yarinya kan abin da ke jikinta, mu fara tambayar wa ya riƙe almakashin da aka yanka shi.