Ƙaron Talha a Hannun Mainasara

Da hantsi Dakta Mayada ta kira ofishin 'yan sanda na birnin Omdurman. Insfekta Abdulmun'im ya same ta a ƙaramin asibitinta, idanunta jajur.

Shekara biyar ta yi tana tace ƙaron itacen hashab, ta haɗa shi da ruwan wasu ganyaye, har ta sami maganin da ke sa fatar da ta ƙone ta sake tsirowa. Da shi take jinyar Mainasara, mai gasa burodi daga unguwar Mayo, wanda tanda ta cinye wa hannun dama.

"Naman har ya fara cikowa, Janabu Insfekta," in ji ta. "Yanzu ruɓewa yake. An kwashe maganin, an zuba wani abu a kwalaben."

Insfekta ya duba firjin da ake ajiye maganin, ba a ɓalle shi ba. Ya ɗaga kwalba guda a hasken taga.

"Naki ja ne haka?"

"Hashab fari ne tas. Wannan ƙaron talha ne na kasuwa, ko tafasa shi ba a yi ba."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Fadila, mai jinya. Ta ɗauki hutu, 'yarta za ta aurar."

A unguwar Hajj Yusuf gidan Fadila ya cika da mata, hayaƙin turaren amarya ya turnuƙe tsakar gida. Insfekta ya yi sallama da Larabci, da shi kuma ya yi tambayoyinsa. Fadila ta rantse tun daga kan Alƙur'ani har kabarin uwarta cewa ba ta taɓa firjin ba.

Amarya Basma ta leƙo, kumatunta na sheƙi. Fadila ta juya gare ta tana murmushi, ta ce da Hausa, "Maza ki wanke fuskar nan, ki tura kwalbar ƙarƙashin angareb, gadon igiyar nan. Wannan Balaraben ba ya ji."

"Bar ta inda take, Hajiya," in ji Insfekta da Hausa tsantsa. "Kakana daga Sakkwato ya tako da ƙafa."

Basma ta miƙo masa kwalbar.

"Kin san na wanda ya ƙone ne?" ya tambayi Fadila.

Fadila ko kunya ba ta ji ba. "Na sani. Yarinya da tabon ƙuraje, dangin miji su yi mata dariya? Shi kuwa wa zai kalli hannun mai burodi?"

Insfekta ya matso kusa da ita. Yana sa mata ankwa wayarsa ta yi ƙara. Dakta Mayada ce. Ya saurara, ya kashe, ya dubi Fadila.

"Kin yi gaskiya, babu mai kallonsa. Yanzu aka yanke hannun."