Ai Taki Ce, Hajiya

Ku matso. Ladidi, kashe wayar nan. Yau a gajiye nake, ba zan maimaita ba.

Kun san Kawu Tanimu da ba ya magana? To, ba haka aka haife shi ba. Darakta ne a da. In ya daka tsawa a wajen ɗaukar fim, har awakin unguwa sai sun nutsu.

Fim ɗinsa na ƙarshe a kan wata tsohuwar tauraruwar majigi ne. Majigi fim ne na zamanin kakanninmu, hoto kawai, babu murya. Wani mutum ke tsayawa gefe da lasifika yana faɗin abin da 'yan wasan ke cewa. Wata uku Kawu yana neman wadda za ta fito a matsayin tauraruwar. Tsofaffi arba'in ya gwada. Wannan surutu, waccan kunya. Duk ya rame, idanu sun zurma.

Ran nan ya yi gwaji a wata tsohuwar silima da aka daɗe da rufewa. Bayan isha'i kowa ya watse. Shi kaɗai ya rage, ya kifa kai a kujera.

Ɗagowar da zai yi, sai ga mace a gaban farin bango.

Bai ji takunta ba, alhali wurin cike yake da ɓawon gyaɗa. Zanenta babu launi. Fatarta ma toka-toka. Jikinta na ɗan ƙyaftawa kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata.

"Hajiya, gwajin kika zo?"

Ta gyaɗa kai. Ta dafe ƙirji, ta ɗaga gira, ta kalli kujerun da babu kowa. Ko uffan ba ta ce ba, amma sai ga hawaye a fuskar Kawu.

"Ke ce," in ji shi. "Wallahi ke nake nema. Saura in ji muryarki."

Leɓɓanta suka motsa. Babu sauti. Amma maganar ta sauka a cikin kansa.

"Mai yi mini magana ya rasu tuntuni. Na gaji da shiru. Muryarka da daɗi, ɗan nan."

Kun dai san halinmu. A yaba rigarka, ka ce "taka ce", kowa ya san kara ce kawai. Kawu ya yi murmushin gajiya.

"Ai taki ce, Hajiya."

"Na gode," in ji ta.

Wannan karon ya ji da kunnensa. Muryar namiji ce. Tasa ce.

Ya buɗe baki zai yi salati, iska kawai ta fito. Bangon ya koma fari fat, babu ita babu alamarta.

Kar ki tambaye ni yadda na sani, Ladidi. A takarda ya rubuta wa Inna. Har yau masu gadin layin silimar na jin muryarsa cikin dare yana rera waƙar mata, alhali yana gida kwance.

Don haka kar in ji wani ya shiga silimar nan shi kaɗai. Kuma in baƙo ya yaba wani abu naka bayan magariba, ka ce masa "madalla", ka ja bakinka.