Tagar da Ba Ta da Gilashi

Gaisuwa ta ƙare, tashi ya gagara.

Auta ta dafa hannun kujera ta yunƙura, ƙugunta ya ce bai san zancen ba. Ta sake yunƙurawa, gwiwoyinta na rawa, gumi na tsattsafo mata. Yau ce ranar farko da saurayinta, mai sana'ar sa gilashin taga, ya kawo ta gaida mahaifiyarsa, kuma yau ɗin ce ƙasusuwanta suka zaɓa su kunyata ta.

"Umma, ba na faɗa miki ba?" in ji Gimbiya, 'yar ƙanwar Umma, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa. "Ai ba ki ga tafiyar ba ma, kamar agwagwa!"

Umma ta kalli ɗanta.

"Wannan ce za ta ɗauki ciki? Ita kanta ba ta iya ɗaukar kanta ba. Ban yarda ba."

A ƙofar gida Auta ta share hawaye.

"Ka bi maganar Umma... Ka manta da ni."

"Hasken idona, in manta da ke in tuna wa? Gobe asibiti za mu, ni da ke da Yayarki."

Likita ta ɗaga hoton ƙashin a jikin fitila. Auta ta saki baki. Ashe haka take daga ciki? Haƙarƙari a jere, ƙashin baya kamar carbi, komai fari-fari kamar hayaƙi. Sai ta ji tausayinsu ya kama ta, su da suke ɗauke da ita tun tana rarrafe ba ta taɓa ce musu sannu ba.

"Ƙashi ma rai gare shi," in ji likita. "Naki yunwa yake ji, shi ya sa ya yi laushi. Me kike yi?"

"Ɗinki."

"Shagon yana da taga?"

Yaya ce ta amsa. "Taga? Likita, ramin ɓera ma ya fi shi haske. Da duhu take shiga, da duhu take fita."

"To ga magani. Ki riƙa shan madara, ki ci ƙwai da kifi, kuma hantsi ya riƙa taɓa fatarki. Amma fa ba ta bayan gilashi ba, wannan ba ya aiki."

Mai gilashi ya dafe ƙirji. "Likita, kin kashe min kasuwa!"

Rabon Auta da dariya har ta manta, sai ranar.

Shi ya lallaɓa mai shagon har ya amince. Shi ya zo da guduma ya fasa bangon gabas, ya sa mata taga mai murfin katako. Mutumin da duk layin ba tagar da bai manna wa gilashi ba, tata kaɗai ya bari a buɗe.

Kullum da safe sai ta tura murfin, ta naɗe hannun riga, rana ta kwanto mata a hannuwa da fuska. Zaren da ke yawo a iska ya koma ruwan zinariya. Takan lumshe ido ta ga kanta tana gudu a wani fili mai ciyawa, ba abin da ke mata ciwo, shi kuma yana bayanta yana kiran ta tsaya. Idan ta buɗe ido sai ta gan shi da gaske, ya wuce da gilashi a kafaɗa, yana haska mata fuska da gangan.

"Sarauniyar hantsi, yaya ƙashin?"

"Yana gaishe ka."

Amma ya rame, ta lura. Umma ba ta sauko ba, shi kuma ba zai yi aure ba sai da albarkarta. Wannan ne ciwon da rana ba ta warkarwa.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya tana tsaye a kan kujera tana sauko da yadi daga saman kantar shagon, ta ji sallama. Ta diro.

Umma ce, da ƙunshin kaya a hannu, ta ƙura wa ƙafafunta ido.

"An ce min kina kwance, sai an ɗaga ki..."

"Na samu sauƙi, Umma. Bismillah, zauna."

Umma ta zauna a bakin tagar da ƙyar, ta tura mata ƙunshin tana kauda kai.

"Rage min su. Duk sun yi min tsawo, ban san me ya same su ba."

Auta ta ɗauko awo ta durƙusa. Ta auna rigar, ta auna mai rigar, ta ga yadda bayan ya fara ranƙwafawa. Zuciyarta ta karye.

"Umma... ba rigunan ne suka ƙara tsawo ba."

Sai ga hawaye a idon Umma.

"Na sani, 'yata. Bayan nan ya daɗe yana cina, ko ɗana ban faɗa wa ba. Ranar da na gan ki kina fama, kaina na gani. Tsoro na ji."

"Gobe zan kai ki wajen likitata. Ni zan riƙe miki jaka."

Umma ta miƙa hannuwanta cikin ranar, ta lumshe ido, ta daɗe a haka.

"Idan kin gama da nawa, ki auna kanki," ta ce. "Ba na son amaryar ɗana ta sa ɗinkin wata."