Ƙofar da Abba Zai Shiga da Kansa

Ranar da Muhyiddeen ya fara ganin Ummulkhair, a tsugune take a ƙofar shagon takalmansa a unguwar Al Sabkha ta Dubai, tana auna gangaren siminti da tef. Shi kuwa mutum ne da tambaya ba ta kwana a cikinsa.

"Hajiya, lafiya? Ko hukuma ce ta turo ki?"

"Jarrabawar lasisin zanen gine-gine ce ta turo ni," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wannan gangaren naka, duk mai keken guragu da ya hau sai ya yi salati."

Ya yi dariya ya aika a kawo shayi. Nan ta nuna masa littattafai ukun da suka hana ta sakat: doka, wadda ta ce dole kowa ya iya shiga gini, tsarin gini, mai faɗin inda za a sa gangare da lif, sai ma'auni, mai ƙayyade tudu da faɗi.

"To in suka saɓa wa juna fa?"

"Sai ka bi wanda ya fi tsanani."

"Ashe kamar neman aure ne. Uwa ta yarda, uba bai yarda ba, sai a koma wajen uba."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, kuma kallon ya ɗan daɗe.

Tun yana tambayar littafi har ya koma tambayar mai littafin. Wata safiya ya turo mata saƙo: "'Yar Awo, kin auna zuciyata kuwa? Ba matakala, shigo kawai." Ta mayar masa: "Sai na duba ma'auni tukuna, habibi."

Maganarsa ta ranar farko kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Mahaifinta, Alhaji Ɗalhatu, tun haɗarin mota yake kan keke, kuma ba abin da ya tsana kamar a cicciɓe shi. Hankalinsa ya fi kwanciya da Mubashir, ɗan amininsa, mai sabon filat da lif. Muhyiddeen kuwa a ƙasan wani tsohon bene yake a Bur Dubai, da matakalai a bakin ƙofa.

"Gidan da sai an ɗauke ni kamar buhun shinkafa kafin in ga 'yata, ba zan kai ta can ba," in ji Alhaji. "Khalas, magana ta ƙare."

Daga nan Muhyiddeen ya yi ɗif, bayan ya ari littafinta guda. Ummulkhair ta yi kuka sosai, ta ɗauka ya janye. Ranar da ta je karɓo littafinta a fusace, sai ta tarar da gangaren ƙarfe a kan matakalan. Ashe Muhyiddeen roƙon mai gidan da yake haya ya yi har ya amince, sannan ya tare wajen masu walda a Ras Al Khor.

Ta fito da tef tana share hawaye. Tudun ya yi daidai. Sai dai gangaren ya ƙare dab da ƙofar, ƙofar kuma waje take buɗewa.

"Littafi ɗaya ka karanta," ta ce tana dariya. "Ina Abba zai tsaya ya ja ƙofa? Da baya zai gangaro! Ɗaya littafin ya ce a bar fili a miƙe a sama."

Ya dafe kai. "Wallahi na manta da mai tsananin."

Ita ta zana, shi ya koma Ras Al Khor.

Da ƙyar mahaifiyarta ta lallaɓo Alhaji ya zo gani. Ya kama ƙafafun kekensa ya fara hawa. Hannun Muhyiddeen ya miƙa zai tura, Ummulkhair ta harare shi, ya yi maza ya mayar da shi baya. Alhaji ya isa sama, ya tsaya a filin, ya ja ƙofar da hannunsa ya shige. Ya jima bai juyo ba.

"Yaro," ya ce daga ciki, "ka turo manyanka."

An ɗaura aure a Kano, wata guda bayan ta ci jarrabawarta. Ranar da suka tare a gidan na Bur Dubai, Alhaji ne ya riga kowa shiga, ya riƙe wa amarya ƙofa.

"Shigo, Ummu. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa kada ƙofarku ta gagari kowa."